Yadda ake haɗa littafin labarin zane na zamanin da hamada ta cinye ƙasa

Duk yaron da ya kawo mini zanensa na farko na irin wannan labari, kusan abu ɗaya nake tararwa: mota mai ƙayoyin ƙarfe, wani ƙato da baƙin tabarau, sai rairayi fetal har ƙarshen takarda. Zanen yakan yi kyau. Amma in na ce masa, "To, ƙanena, ina ƙaton nan ya sha ruwa yau da safe?" sai ya hau sosa ƙeya. Labarin hamada labarin ruwa ne, kuma wanda yake zaune a Jos yana da abin kallo a bayan gidansa da ya fi abin da yake kwaikwayowa daga finafinan Turawa. Ga yadda nake bi, daga farar takarda har zuwa littafin da ake miƙa wa mai saye.

Kayan aiki

Ka tanadi rim ɗaya na farar takarda A4 don rubutu da gwaji, da takardar zane mai kauri don ainihin shafuka. In ba ka samu mai kaurin ba, sayi farin kwali irin na 'yan makaranta ka yayyanka, ka yi aiki a fuskar da ba ta sheƙi. Fensir biyu sun isa: HB na shata, 2B na inuwa. Sai kilina mai laushi, rula mai tsawon santimita 30, reza, baƙin alƙalamin zane mai siririn baki (milimita 0.3 da 0.5), maka mai kauri don cike baƙi, ƙaramin burushi, kwalbar baƙar tawada, da farin ruwan nan na gyara rubutu. Ka ajiye tsohon burushin haƙori, za ka ga amfaninsa a gaba. Waya mai kyamara mai kyau dole ce. Kwamfuta kuwa ko ta aro ce ta wadatar. Manhajar zane ta Krita kyauta ce a kwamfuta, ta ibisPaint kuma tana aiki a waya.

In alƙalamin zane ya gagara, alƙalamin gamba irin na makarantar allo yana fitar da layi mai rai, mai kauri nan siriri can, wanda ya dace da duwatsu da tsummoki fiye da na kanti. Sai dai tawadar allo an yi ta ne don a wanke, ɗigon gumi ɗaya yana iya ɓata maka aikin yini. In da ita za ka yi, ɗauki hoton shafin da zarar ya bushe.

1. Yanke hukuncin abin da ya rushe duniyar

Kafin fensir ya taɓa takarda, rubuta a shafi ɗaya tak: me ya faru, shekara nawa ke nan, me ya rage. Ba sai ka ƙago bam ko annoba daga sama ba. Tarihinmu yana da isasshen abin tsoro. Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, fari ya bi shi ya rage masa ɗan kaso kaɗan zuwa shekarun 1980. Dattawa suna tuna farin 1973 da na 1984. A Yusufari ta jihar Yobe tuddan rairayi suna nan ana gani, kuma saboda matsowar hamada ne Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar katangar itatuwa a 2007. Abin da za ka yi kawai shi ne ka ja wannan zare gaba: damina ta yi ta gajarta har ta daina zuwa, mutanen ƙasa-ƙasa suka yi ta hawowa tudun Filato don nan ne ruwa ya fi daɗewa.

Adadin shekarun yana da muhimmanci ƙwarai. In shekara 20 ne, akwai masu tuna famfo da wutar lantarki, labarin zai cika da kewa. In 150 ne, ba wanda ya san amfanin fitilar kan hanya, wataƙila ma a ɗauke ta wani abin tsafi. Ni na fi son 60 zuwa 80, lokacin da tsohuwa ɗaya ko biyu suka rage da suka ga ruwan sama da idonsu, yara kuma suna ɗaukar maganarsu tatsuniya.

Gargaɗi biyu a nan. Kada ka kira labarinka na bayan tashin alƙiyama, a bango ko a talla. Bayan alƙiyama hisabi ne, ba yawo a kan raƙumi ba, kuma mai karatu zai tsaya gardama da kai a kan wannan ya bar littafin. Ka ce bayan rushewar zamani, ko bayan ƙafewar ruwa. Na biyu, mu a Jos mun ga rikicin 2001 mun ga na 2008, mun san abin da kalma take haifarwa. Kada 'yan fashin labarinka su zo da kamanni, sutura ko sunayen wata ƙabila ko wani addini. Raba mutanenka ta hanyar abin da suke riƙe da shi: masu rijiya, masu gishiri, masu raƙuma, masu tonon tsoffin garuruwa.

2. Kafa dokar ruwa

Nan ne aikin yake, kuma nan na fi daɗewa. Amsa waɗannan a rubuce: ina ruwa yake, wa yake da iko da shi, da me ake aunawa, me ake yi wa wanda ya sata?

Jos ta ba ka amsa a tafin hannu. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka yi ta haƙar kuza a tudun nan, suka bar ramuka masu zurfi da ruwa ya cika, ga su nan birjik a wajen Bukuru, Rayfield da Barikin Ladi. A duniyar da koguna suka ƙafe, waɗannan ramuka su ne daula. Kowane rami da Sarkin Ruwansa, da ganuwarsa, da masu gadinsa. Wani ramin ruwansa garau, wani yana sa ciwo a hankali amma ba mai iya faɗa don kada a kore shi. Ka ga labari ya fara fitowa da kansa ba tare da ka harba bindiga ko sau ɗaya ba.

Sannan ka riƙe lissafi kamar ɗan kasuwa. Jarka mai lita 25 in ta cika da ruwa nauyinta kilo 25 ne. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ba za ta ɗauke ta ta yi gudu ba. Mutum ba ya wuce kamar kwana uku ba ruwa, a zafin rana ma bai kai haka ba. Raƙumi yana iya yin fiye da mako bai sha ba, amma in ya samu yakan shanye wajen lita 100 a tashi ɗaya, don haka shigowar ayari gari masifa ce ga mai rijiya, ba abin murna kaɗai ba. Ayari yakan ci kilomita 30 zuwa 40 a yini. Tafiyar Jos zuwa Bauchi da muke yi cikin sa'o'i biyu ta koma ta kwana huɗu ke nan. Rubuta waɗannan a kwali ka manna a bango inda kake zane.

Mota fa? Fetur yana lalacewa in ya daɗe a ajiye, taya tana tsagewa, batir yana mutuwa cikin 'yan shekaru. Bayan shekara 70 motar da za ka gani ita ce wadda aka cire wa inji jakuna suna ja, ko wadda aka mayar ɗakin kaji. Faifan sola yana iya kai shekara 25 ko fiye, don haka wanda ya gaji guda biyu masu ɗan sauran rai zai iya jan ruwa da rana tsaka kawai. In dole sai ka sa mota mai tafiya, sa guda ɗaya a duk jerin littattafan, ka kuma nuna wahalar da ake sha kafin ta tashi.

Kuɗi ma ka yi tunaninsa. Takardar naira ta zama abin hura wuta. Kantun gishiri irin wanda ayarin Buzaye suke ɗaukowa daga Bilma da Fachi zuwa Agadas har yau, shi ya fi kama da kuɗin irin wannan zamani, sai dabino, kanwa da allura.

3. Fita ka zano garinka

Ɗauki littafin zane ka yi kwana biyu ko uku kana yawo. Duwatsun Shere da dutsen Riyom ba abin da zai same su ko bayan shekara dubu, su ne za su sa mai karatu ya gane inda yake. Kangon babbar kasuwar Terminus da ta ƙone a 2002 ya koya mini yadda siminti da ƙarfe suke tsufa fiye da kowane littafi. Tsoffin layukan dogo da taragon da aka yasar su ma haka. A harabar gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, akwai sashen gine-ginen gargajiya da aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya. Je ka duba yadda ake ɗora tubali da azara, domin mutanen labarinka da ƙasa za su koma gini, a kan ragowar bulo. In labarin zai gangara Abuja, dutsen Zuma da ƙofar shiga birni rabi a binne cikin rairayi sun ishe ka shafi guda cur.

Nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum ko shagonsa, kada ka ɗaga waya kusa da shingen jami'an tsaro, kuma kada ka matsa bakin ramukan kuza: gefensu yana zaftarewa, sun ci mutane da yawa.

Itatuwa kuma ka sauya su. Mangwaro da dogayen itatuwan turare na Jos su zama kututture. Abin da zai rayu shi ne aduwa, magarya, bagaruwa, tumfafiya, goruba a inda ruwa yake kusa, da tsohuwar kuka nan da can. Kada ka zana dogon kaktus mai hannuwa biyu irin na finafinan kaboyi, na Amurka ne. Kyarana da ake shinge da ita a ƙauyukan Filato ta fi shi ban tsoro, ga ta kuma tamu.

4. Zana mutanenka har hannunka ya haddace su

Mutum uku zuwa biyar sun isa fitowa ta farko. Kowanne ka zana shi gaba, gefe da baya a takarda ɗaya, sannan fuskarsa cikin fushi, tsoro, dariya da gajiya. Tunda kusan kowa zai naɗe fuska saboda ƙura, dole a gane su daga siffar jiki: wannan doguwar sanda, wancan rawani mai kunne biyu, waccan salka a kafaɗar hagu kullum. Gwaji mai sauƙi: cike siffar kowa da baƙi ƙirin ka nuna wa ƙaninka. In ya kasa bambance su, sake.

Mutumin hamada rufe jiki yake yi, ba tuɓewa ba. Kuma dare yana da sanyi mai shiga ƙashi, wanda ɗan Jos ba sai an yi masa bayani ba. Ba su bargo ko gwado. Takalmin taya, faci a kan faci, cokali da aka wasa ya zama wuƙa. Amma kada ka cika ado. Duk maɓalli da layar da ka ɗora wa jaruma yau, sai ka sake zana su sau ɗari.

5. Rubuta labarin, ka raba shi shafi-shafi

Littafin da ake ninkewa a ɗinke da waya a tsakiya dole shafukansa su rabu da huɗu: 16, 20, 24. Fara da 24, bango daban. Tsara jerin fitowa huɗu ko shida, ka san ƙarshen tun yanzu, ko da layi biyu-biyu ne. Kowace fitowa ta ɗauki matsala ɗaya ta warware ta, ta bar wata a buɗe. Misali: guga ya fito da laka a ramin da aka ce ba ya ƙafewa, 'yar mai gadi ce kaɗai ta gani, Sarkin Ruwa kuma ya riga ya karɓi gishirin ayarin da zai iso jibi.

Ninke takarda A4 guda shida gida biyu, ka samu ɗan littafi mai shafi 24. A ciki za ka yi zanen gwaji, mutane kamar tsinke, kawai don ganin me zai zauna ina. Kowane shafi ka raba shi gida-gida, huɗu zuwa shida. Ni gida nake kiransu, kamar na dara, filin da ke tsakaninsu kuma lungu. Abin mamaki ka ajiye shi a shafi mai lamba cika (2, 4, 6), wanda sai an juya ake gani. In ka sa shi a na dama, ido ya riga ya sato kallo.

Kuskuren da kowa yake yi shi ne buɗe littafi da shafi uku na bayanin yadda duniya ta lalace. Bar shi. Nuna yaro yana lasar raɓa a jikin tsohon allon talla da asuba, mai karatu zai fahimci sauran. Hamada kuma tana son shiru: bar gida mai faɗi, daga gefe zuwa gefe, ba magana ko ɗaya, ayari ƙanana kamar tururuwa a ƙasa.

6. Fensir, sannan tawada

In littafin zai fito a girman A5, yi zanen a A4. Ragewar tana ɓoye rawar hannu. Ja iyaka da rula, ka bar santimita ɗaya da rabi a kowane gefe. Fara shata wurin magana kafin zane, in ba haka ba za ka ƙare kana rufe fuskar jarumi da kalamansa.

Tudun rairayi yana da fuska biyu: wadda iska take bugawa mai sauƙin hawa ce, ta bayan kuma mai gangara ce sosai. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka tuddai, tutoci da bakin rawani duk su bi hanya ɗaya a fage ɗaya. Da rana tsaka inuwa gajeriya ce a ƙarƙashin ƙafa, baƙa wuluk. Abin da yake nesa ka zana shi da siririn layi ba inuwa, yadda hazo yake cinye duwatsun Shere a watan Janairu, rana kuma farin faifai kawai. Rairayi kansa farar takarda ce. Layi biyu ko uku sun isa, kada ka zauna kana ɗiga ɗigo dubu.

Guguwa kuwa, ga aikin burushin haƙori: rufe wuraren da ba ka so su ɓaci da yankakkiyar takarda, tsoma burushin a tawada kaɗan, ka karce shi da babban yatsa. Gwada a wata takarda tukuna. Da farin ruwan gyara ma ana yi a kan baƙi, ya ba ka taurari.

Da hunturu tawada tana bushewa a bakin alƙalami kafin ka kai takarda, maka kuma in ka bar shi a buɗe minti kaɗan ya tafi. Da damina akasin haka ne, takarda tana shan danshi, layi yana bajewa. Ajiye ta cikin leda. Ko yaushe ne, jira tawada ta bushe sarai kafin ka goge fensir.

7. Magana da ƙara

Kada magana ɗaya ta wuce kalma 20 zuwa 25 a cikin da'irar da ake zana mata. Karanta ta da ƙarfi. In ba haka mutum zai faɗa a bakin rijiya ba, sake ta. Wanda ya fara magana shi ne a hagu ko a sama. Bari tsofaffi su yi karin magana, yara kuma su karkatar da kalmomin da ba su san asalinsu ba.

Ƙara kuma kada ka aro ta Turanci, Hausa ta fi kowa arziki a nan: tim, fau, tsulum, ƙwas-ƙwas, fuuu, ɗis… ɗis. Shafin da ba komai sai "ɗis" a gida na ƙarshe ya fi shafin faɗa tsayawa a rai. Alamun kan tsoffin bango za ka iya yin wasu da ajami, yana ƙara wa duniyar zurfi, amma kada ka rubuta aya ko sunan Allah a cikin zane. Takarda ce, ba ka san inda za ta ƙare ba.

Yanzu ga ramin da na faɗa da kaina. Yawancin salon haruffan da ake yi wa labarin zane ba su da ɓ, ɗ, ƙ, balle manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ. Na taɓa kai aiki wata maɗaba'a, kwamfutarsu ta sauya haruffan, "baƙi sun iso" ya fito da ɗan akwati a tsakiya, a kowane kwafi. Ko dai ka rubuta da hannu, wanda ni na fi so, ko ka yi amfani da salon haruffan Andika ko Noto Sans da suke da su duka, sannan ka mayar da shafin hoto kafin ka kai. Kada ka yarda a ce a sa k a madadin ƙ "ai za a gane".

8. Ɗauka, gyara, bugu

Sikana ta fi, a 600 dpi (wato ɗigo 600 a kowane inci) in baƙi da fari ne zalla, 300 in akwai launi. In babu, manna shafin a bango a inuwa wajen ƙarfe goma na safe, tsaya daidai gabansa, kashe filashi, ka ɗauka. A Krita ko ibisPaint ƙara hasken fari da duhun baƙi har takarda ta yi fes. Kada ka tura wa kanka hotunan ta WhatsApp a matsayin hoto, yana rage musu inganci. Tura su a matsayin fayil.

Launin toka yana fitowa da dabbare-dabbare a injin hoto mai araha, don haka yi inuwa da layuka. Ciki baƙi da fari, bango kaɗai mai launi, shi ne abin da aljihun mai farawa zai ɗauka. In zane zai kai har bakin takarda, ƙara rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Wajen jera shafuka biyu-biyu a takardar bugu, shafi na 24 yana zama kusa da 1, 2 da 23, 22 da 3. Kowane biyu in ka haɗa su ba ka 25. Ɗan littafin gwajin nan naka ka warware shi, zai nuna maka. Sa a buga kwafi ɗaya, ka ninke, ka karanta daga farko har ƙarshe a gaban mai injin kafin ka ce a ci gaba. Ajiye fayilolin a wuri biyu, kuma ka riƙa adana aiki kowane 'yan mintuna saboda ɗaukewar wuta.

Fara da kwafi 50 ko 100. In kana son littafin ya shiga shagunan littattafai, lambar shaidar littafi da ake kira ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, hedikwatarsa tana Abuja, kuma doka ta ce a ajiye musu kwafi na abin da aka buga.

9. Kafin ka saki fitowa ta ɗaya

Kada ka saki ta ɗaya sai ka gama fensirin ta biyu. Jerin labaran zane da na gani sun mutu, yawancinsu a nan suka mutu: an sayar da ta farko, an sha yabo, wata shida ba ta biyu, masu karatu suka watse. Auna kanka da gaskiya. In shafi biyu kake iya gamawa a mako, fitowa ɗaya wata uku ce, to faɗa wa mutane wata huɗu. Saka shafuka biyar na farko a Facebook da WhatsApp kyauta, ka tsaya daidai inda guga ya fito da laka. Kwalin nan na lissafin ruwa kuma kada ka cire shi daga bango, domin a fitowa ta uku wani yaro zai tare ka a Terminus ya tambaye ka yadda aka yi jaruma ta kwana biyar a hanya da salka ɗaya.